Afendis ya fashe wa yaro: wane maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma kwana nawa?

Sista_Ɗakin_Yara: Assalamu alaikum. Likitoci, yaron da aka yi wa tiyata aka tarar afendis, wato ɗan guntun hanjin da ke ƙasan ciki ta dama, ya fashe, ciki ya tara mugunya, wane haɗin magani ya fi dacewa? Kuma dole ne sai ya cika kwana 10 yana shan allura kafin a sallame shi?

Likitan_Tiyata: Wa alaikumus salam, Sista. Ƙwayoyin cutar daga hanji suke zubowa, akasari E. coli da Bacteroides fragilis, don haka dole maganin ya kama duka biyun. Haɗin da ya fi sauƙi shi ne seftriyazon miligiram 50 a kowane kilo sau ɗaya a rana, kada ya wuce giram 2, tare da metronidazol, wato Flagyl, miligiram 10 a kowane kilo duk awa 8. Yaro mai kilo 20 ke nan giram 1 na seftriyazon da miligiram 200 na Flagyl. Robar Flagyl miligiram 500 ce a mil 100, to mil 40 kawai zai sha, ba a rataya masa duka. Allurar farko tun kafin a shiga tiyata ake yi, tare da ƙarin ruwa har fitsari ya fara fita sosai.

Batun kwana 10 ba doka ba ce. Yaron ake dubawa. In ya kwana ya wuni ba zazzaɓi, yana cin abinci ba amai, ciki ya saki, sai a mayar da shi na baki irin Augmentin, a cika kwana 7 gaba ɗaya. Wani gwaji da aka yi a Kansas City ta Amurka a 2010 ya nuna yin hakan bai ƙara taruwar mugunya ba.

Mai_Harhaɗa_Magani: Ƙari kan bayanin Likita: kada a haɗa seftriyazon da ruwan Ringer's, wani ruwa da ake ƙarawa ta jijiya, a layi ɗaya, domin ruwan yana da sinadarin kalsiyam, sai su dunƙule. Inda ba seftriyazon, ana ba da amfisilin da jentamisin da Flagyl. Sai dai jentamisin, miligiram 7.5 a kilo sau ɗaya a rana, yana taɓa ƙoda da kunne, musamman ga yaron da amai ya busar. A tabbata yana fitsari tukuna.

Likitan_Yara: Abin da ya fi damuna, Sista, shi ne zazzaɓin da ke dawowa a kwana na 5 zuwa 7. Yaro ya fara warwarewa, sai jiki ya sake zafi, ya ƙi abinci, yana zawo kaɗan-kaɗan mai majina yana yunƙuri. Nan ake kuskure, a yi ta canja allura ko a ɗora wa maleriya. Sau da yawa mugunya ce ta taru a ƙasan mara, kuma kusan ɗaya cikin biyar na masu fasasshen afendis na gamuwa da ita. A gwada maleriyar, amma a yi sikanin ciki. Ƙaramar mugunya magani na cinye ta, babba kuwa sai an zuƙe ko an buɗe.

A faɗa wa iyaye waɗannan alamomi ranar sallama, kuma su ƙarasa maganin ko da yaro ya tashi yana wasa.