Shin 'yan jarida ne suka hura Clubhouse, su ne kuma suka binne ta?

Auta: Salamu alaikum jama'a. Jiya ina goge manhajojin da suka cika mini waya na ci karo da Clubhouse, wadda rabona da buɗe ta har na manta. Ga wanda bai riske ta ba, a lokacin tashenta manhaja ce ta hira da murya zalla: ka shiga ɗaki ka saurara, in kana da magana ka ɗaga hannu mai ɗakin ya ba ka dama. Paul Davison da Rohan Seth ne suka fito da ita a Amurka a 2020, lokacin kullen korona. Ni a ganina 'yan jarida da masu sharhi a intanet ne suka hura ta kamar balan-balan, da suka gaji kuma suka soka mata allura. A watan Mayun 2020 masu amfani da ita kusan 1,500 ne kacal, amma kamfanin zuba jari na Andreessen Horowitz ya ƙiyasta darajarta wajen dala miliyan 100, jaridu kuma suka yi ta yayatawa. Mutum 1,500 fa!

Hajiya ta gidan rediyo: Wa alaikumus salam. Auta, ka ɗora wa 'yan jarida kayan da ba nasu ba. In attajirai suka zuba miliyoyi a kan abin da mutum 1,500 ke amfani da shi, ai wannan kansa labari ne, wanda ya ƙi bayar da shi bai san aikinsa ba. Kuma ba yabo kaɗai aka rubuta ba. Tun tsakiyar 2020 ake ta rahoto cewa ana cin zarafin mutane a ɗakunan, musamman mata, babu kuma wata ƙwaƙƙwarar hanyar kai ƙara. A Fabrairun 2021 masu bincike na jami'ar Stanford suka bayyana cewa fasahar kamfanin Agora, mai tushe a Shanghai, ita ke ɗaukar muryoyin, jaridu suka buga. Aka kuma yi ta ƙorafi cewa sai ka buɗe mata lambobin da ke wayarka kafin ka iya gayyatar wani. Daga baya, a 2022, hukumar kare bayanan jama'a ta Italiya ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 2. Wannan duk hurawa ce?

Auta: Anti, ai sukar ma talla ce. Kullum sunanta na bakin mutane.

Mai gyaran waya, Farm Centre: Ku bar ni in faɗi abin da idona ya gani a nan Kano. Farkon 2021 kusan kullum sai wani ya ajiye mini Tecno ko Infinix a kan tebur ya ce in sa masa Clubhouse. In ce masa ba ta hawa sai iPhone, ya ɗauka rowa nake masa. Akwai wani matashi da ya sayar da wayarsa mai lafiya ƙalau ya ciko kuɗi ya sayi tsohuwar iPhone mai fasasshen gilashi, muka sauke masa manhajar, sai ta tsaya a ƙofa tana neman gayyata. Kowa gayyata biyu ake ba shi da farko, har sayar da ita ake yi a eBay, wata kasuwar intanet. Yaron ya zauna a kan bencina wajen awa biyu yana kiran abokai. Ba ta zo Android ba sai watan Mayun 2021, gayyata kuma ba a cire ta ba sai Yuli. Kafin nan zumuɗin ya kwanta. Su suka rufe ƙofarsu da hannunsu lokacin da jama'a ke cincirindo a bakinta.

Malam na Zariya: Maganar mai gyara tana da ƙarfi, alƙaluma ma sun goyi bayansa. Kamfanin Sensor Tower, mai bin diddigin alƙaluman manhajoji, ya ƙiyasta an sauke ta sau miliyan 9.6 a Fabrairun 2021, a Afrilu kuwa ba ta kai miliyan 1 ba. Fabrairun nan ya biyo bayan daren 31 ga Janairu da Elon Musk ya shiga ya yi wa Vlad Tenev, shugaban manhajar cinikin hannun jari ta Robinhood, tambayoyi kan rikicin hannun jarin kamfanin GameStop. A lokacin ɗaki ba ya ɗaukar fiye da mutum 5,000, ya cika ya batse, har wasu na watsa shi a YouTube. Kun ga abin da ya ja mutane ke nan. Ni abin da nake ƙarawa shi ne, hirar kai tsaye tana buƙatar mutum ya zauna. Lokacin kulle kowa na gida. Da aka koma kasuwa da ofis da makaranta, wa ke da awa uku? Damar sake sauraron abin da ya wuce ka ba a kawo ta ba sai Nuwamban 2021. Ga kuma Twitter ta buɗe Spaces, nata ɗakunan hira da murya, ga jama'a a watan Mayun 2021, inda mabiyanka suna nan a shirye. Mu nan ma, duk da rufe Twitter da gwamnati ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da aka buɗe ai Spaces aka koma yin muhawarar siyasar 2023.

Auta: Malam, na ji. Amma a Afrilun da ka ce alƙaluma sun faɗi, a watan ne aka ƙiyasta darajarta dala biliyan 4. Waɗanda a Fabrairu suke cewa ita ce makomar sada zumunta, su ne kafin shekara ta ƙare suke rubuta cewa ta mutu. Ba su ko ji nauyin bakinsu ba.

Hajiya ta gidan rediyo: To nan ka taɓo inda nake yarda da kai, kuma abin yana damuna a matsayina na wadda ta yi shekaru a wannan aiki. Masu rubutu kan fasaha a Amurka da masu zuba jarin duk a ɗaki ɗaya suke kwana suna hira, kowa da iPhone a hannu, kowa ya samu gayyata tun ranar farko. Suka leƙa ɗakinsu suka gan shi cike, suka rubuta cewa duniya ta cika. Kaɗan ne cikinsu suka tsaya suka tambayi yadda abin yake ga mai Android, alhali su ne mafi yawan masu waya a duniya. Wannan gazawa ce, ba na kare ta. Amma kada ka manta su ɗin ne suka ba da labarin kwanakin nan na farkon Fabrairun 2021, da mutanen China da Taiwan da Hong Kong suka haɗu a ɗaki ɗaya suna magana kan halin da Musulmin Uygur ke ciki a China da kisan masu zanga-zanga na Tiananmen a 1989, wasu har da kuka, kafin gwamnatin China ta toshe ta ranar 8 ga wata. Na yi shekaru ina gabatar da shirin kiran waya, na san abin da murya ke yi wa zuciya wanda rubutu ba ya yi. Wanda ya yaba wannan bai yi ƙarya ba.

Malam na Zariya: Hajiya, ga wani abu kuma. Kamfanin da kansa, da ya sallami fiye da rabin ma'aikatansa a Afrilun 2023, cewa ya yi bayan korona mutane na shan wahalar samun abokansu a manhajar da kuma samun lokacin doguwar hira. Bai ambaci jarida ba.

Auta: Ai ba zai ambata ba, Malam, gobe ma yana buƙatarsu. Na janye batun binnewa, amma hurawar ina nan a kan bakana.

Mai gyaran waya, Farm Centre: Yaron nan dai ya dawo bayan wata biyu yana neman wanda zai musanya masa iPhone ɗin da Android, batirinta ba ya kai azahar. Na tambaye shi Clubhouse fa? Ya ce ya shiga sau uku, duk ɗakin da ya leƙa Turanci ake yi a kan Bitcoin.