Allon rubutu na maida mini Hausa Faransanci, ku taimaka

Salamu alaikum ƴan uwa, daga nan Damagaram nake. Na sauke wani allon rubutu a Play Store, irin mai hasashen kalma, saboda na wayata bai da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Haruffan sun fito lafiya, amma sai in rubuta "sannu" ya canza mini da Faransanci, na ƙara Hausa cikin harsunan, na kashe gyaran da yake yi da kansa, har yanzu dai haka, kuma kalmomin da ya koya a waya ba su zuwa kan tablet ɗina. Sannan Android ya gargaɗe ni wai allon zai iya ganin duk abin da na rubuta har lambar sirri, wannan kam ya tada mini hankali don ina tura kuɗi ta waya. Don Allah ina zan taɓa?