Musayar waƙa: Hakeem Olajuwon, golan Legas da ya gagari ƙattin Amurka

Tsohon Gola:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i ɗana ya kawo min waya yana nuna min wani tsohon bidiyo, dogo mai lamba 34 a wasan ƙwallon kwando yana juya David Robinson na ƙungiyar San Antonio kamar waina a tanda, wai Baba wannan waye, wallahi sai da na ji wani abu ya tokare min a ƙirji, a ce yaro ya san 'yan ƙwallon Ingila har da na benci amma bai san Hakeem Olajuwon ba. Shi ne na ce bari in buɗe fage, wanda ya ga gyara ya gyara amma da waƙa.

Da sunan Allah zan fara,
Mai ba wa bawa abin yabawa.
Salati ga Annabi ɗan Amina,
Sannan na shiga zancen ɗan baiwa.
A Legas aka binne cibinsa,
1963 ce shekarar haihuwa.
Uba siminti ne sana'arsa,
Gida na ladabi da kulawa.
Gola ya fara, tsaron raga,
Tsalle da kamu da faɗuwa.
Ni ma na tsare raga da ƙuruciya,
Na san abin da take koyarwa:
Kafin ɗan gaba ya gama shawara,
Ƙafarka ta riga shi isowa.

'Yar Sakkwato:
Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Amma fa ka tsallake garinmu kuma ba zan yi shiru ba, makarantarsu Muslim Teachers College ta Legas ai gasar makarantun horon malamai ta kawo su Sakkwato, a nan abin ya soma.

Baba ka kyauta amma ka ƙetare,
Inda hasken ya fara fitowa.
Birnin Shehu aka yi taron,
Ɗalibai daga ko'ina na karawa.
Shi ƙwallon hannu ta kawo shi,
Ba kwando ya zo bugawa.
Wani ɗalibi ya je gun koci,
Ya ce dogon nan a bar shi gwadawa.
Shekara 15 sannan ya soma,
Sa'anninsa sun daɗe da gogewa.
Wanda ya makara ya wuce na sammako,
Rabo in ya rantse ba ya tsayawa.

Ɗan Sahur:
Anti kin burge. Ni dama ba na barci lokacin wasannin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ƙarfe biyu uku na dare ina zaune, to bari in ɗauko daga inda ya sauka Amurka a 1980, jami'ar Houston wajen koci Guy Lewis. Ku yi haƙuri zan canza amsa-amo, "wa" ɗin nan ta ƙi ni yau.

Ya sauka Houston ba shi da suna,
Ɗanye sharaf kamar sabon kankana,
Hutun makaranta bai san kwana,
Moses Malone ke gasa masa rana.

Ƙato na duka yaro na tashi,
Ya sha gwiwar hannu bai bar bashi,
Abin da ya koya da zafi da ƙwarin rashi,
Shi ya mayar wa wasu da hannun kanshi.

83 a gasar jami'o'i sun kai wasan ƙarshe,
Daƙiƙar ƙarshe aka kashe,
54 da 52, hawaye ya ɓarke a fashe,
Aka ba shi gwarzo duk da sun sha kaye.

84 ma haka ta sake,
Ewing na Georgetown ya tsaya a miƙe,
Kofi ya tafi, zuciya a cushe a sarƙe,
Ya haɗiye abin, ya ajiye a ƙulle.

Ku riƙe sunan Patrick Ewing ɗin nan dan Allah, zai dawo.

Tsohon Gola:
Madalla ɗana. A wannan shekarar ta 1984 ɗin ce kuma aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa, Houston Rockets suka ɗauke shi na ɗaya, Michael Jordan na uku, kuma har yau ban ji wani mai hankali a Houston ya ce sun yi kuskure ba.

Na ɗaya aka kira sunansa,
Jordan na zaune yana sauraro.
Aka haɗa shi da Ralph Sampson,
Dogaye biyu, gini mai tsoro.
86 suka kori Lakers,
Boston ta tare su a ƙarshen taro.
Amma fa sannan akwai zafin kai,
Faɗa kaɗan sai ya kai ƙaro.
Wasan da suka fidda Lakers ɗin,
Alƙali ya kore shi kamar yaro.
Na faɗa don kar a ce mun ɓoye,
Zuma ma sai an sha harbin maƙero.

'Yar Sakkwato:
Baba wane irin harbin maƙero kuma, ai ƙudan zuma ke harbi, amsa-amo ne ya ja ka. Amma maganarka gaskiya ce, kuma ni abin da ya sa nake ƙaunar labarin mutumin nan ke nan, ba waliyyi aka haife shi ba, gyara kansa ya yi muna gani.

1991 gwiwar hannu ta same shi,
Ƙashin ido ya samu karyewa.
Wasa 25 yana zaune,
Zama ya ba shi damar dubawa.
Shekarar nan ya gyara sunansa,
Akeem ya koma Hakeem a rubutawa.
Harafi ɗaya ne aka mayar,
Amma mutum ne ke dawowa.
Sallah ta zauna, fushi ya kwanta,
Hannu ya koyi miƙa wa 'yan uwa.

Gaskiya Ɗaci:
Salam. Yayyena da iyayena ku gafarce ni, ni ma ina son sa wlh amma abu biyu na ci min rai tun da daɗewa kuma gara in faɗa a nan a amsa min.

Kun yabi dogo na ji na yarda,
Amma tambaya biyu na kawo gaba.
Kofinsa biyu yaushe ya ci su?
Lokacin da Jordan bai nan ba.
Sannan zinaren Olamfik a Atlanta,
96, ku tuna ku duba.
Rigar Amurka ce a jikinsa,
Kore da fari bai sa ba.
Ƙasar da ta haife shi ta raine shi,
Me ta samu, ban gani ba.
Ba ƙiyayya ce ta sa na faɗa ba,
Ciwo ne da bai warke ba.

Ɗan Sahur:
Ɗan uwa tambaya ta farko tawa ce, bar min ita. Na 1994 gaskiya ne Jordan ya ajiye wasa ya tafi wata ƙwallon, amma na 1995 fa? Ya dawo a watan Maris, ya buga, Orlando ta su Shaquille O'Neal ta fitar da Chicago 4 da 2, ita kuma Orlando ɗin Houston ta share ta 4 da nema, to ina batun ba ya nan. Kuma ka dubi hanyar da 'yan Houston suka bi, su ne na shida a rukunin yamma da nasara 47 kacal, Utah mai 60, Phoenix mai 59, San Antonio mai 62, Orlando mai 57, duk sai da suka bi ta kansu.

Bari in fara da 94 tukuna,
New York ta zo da Ewing a gabana,
Bashin shekara goma na kwana,
Ranar biya ta zo da rana.

Wasa na shida, maki biyu tsakani,
John Starks na New York ya ɗau zafi kamar garwashin bazara da rani,
Ya tashi jefa mai uku, kowa na gani,
In ta shiga kofi ya tafi, babu magani.

Sai ga dogo daga can ya taso,
Tsohon gola ne ya tuno ya iso,
Ɗan yatsa kawai ya shafo,
Ƙwallo ta faɗi ba ta kai ba, ta gaso.

Na bakwai 90 da 84 aka tashi,
Houston ta ɗau kofin farko da kanshi,
Gwarzon shekara, gwarzon tsaro duk nashi,
Gwarzon wasan ƙarshe, uku a hannu ɗaya, ba bashi.

Wannan ukun a shekara ɗaya shi ya fara haɗa su a tarihin NBA.

Tsohon Gola:
Allah ya yi maka albarka, ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Wannan shafar da ya yi wa ƙwallon Starks duk wanda ya taɓa tsayawa a raga ya san ta, ba ka kama ba, ba ka doke ba, kan yatsa ne kawai ya canza mata hanya. Bari in ƙara da bidiyon da ɗana ya nuna min, shekarar da aka ba Robinson gwarzo.

An ba Robinson kambun shekara,
Hakeem na gefe yana dubawa.
Bai ce uffan ba, bai yi gunaguni ba,
Fili ya bari ya yi amsawa.
Ya ba shi baya, ya karkata dama,
Robinson ya bi, babu kowa.
Ya nuna ƙwallo sama kamar zai jefa,
Ƙato ya tashi yana lilawa.
Kafin ya sauko an zagaye shi,
Ƙwallo na kwando tana sauka, tana shigewa.
Ƙafa guda a kafe kamar turke,
Ɗayar ke yawo tana zanawa.
Maki 35 a matsakaici duk dare,
Wasa shida aka yi rabuwa.
Abokinsa Drexler na jami'a,
Ya dawo gida suka yi ɗagawa.

Maman Samari:
Sannunku da fama, tun ɗazu nake karantawa. Ni ban san dokokin ƙwallon kwando sosai ba, amma ina da maza uku a gida kuma na san abin da takalmi ke yi wa uwa. Lokacin da manyan 'yan wasa ke tallan kambas na sama da dala 100, shi ya sa sunansa a na Spalding mai dala 35, saboda uwa mai aikin ƙarfi da yara ba za ta iya wancan ba. Ƙanena Gaskiya Ɗaci, ga tawa amsar.

Ka ce me muka samu ƙanena,
Zauna in ba ka abin da na gani.
Uwa ta san kukan ɗan da ke so,
Aljihu babu, ido na raini.
Wanda ya tuna da ita yana sama,
Bai manta gida ba, ko a wane zamani.
Ramadan ya zo a Fabrairun 95,
Bakinsa a rufe, ƙishi a jini.
Abokan wasa na kurɓar ruwa,
Shi tawul kawai, da ambaton Rahamani.
Watan nan aka ba shi gwarzon wata,
Da azumi a baki, a idon makiyi da masoyi da baƙon gani.
Ɗana na fari in ya ce ya gaji,
Wannan nake ba shi misali, ba wani.

Gaskiya Ɗaci:
Yaya na ji, kuma ta Jordan na sauka, Ɗan Sahur ya kawo hujja ba ni da ta cewa. Azumin ma na sara masa. Amma ta rigar har yanzu tana nan.

Na karɓi ɗaya na bar ɗaya,
Zuciya ba ta gama huce ba.
Da ya ɗaga tutarmu sau ɗaya tak,
Da ban buɗe baki na ce ba.

'Yar Sakkwato:
Ba zan ce ciwonka ƙarya ba ne, ni ma da na so hakan. Sai dai ka sani ya sa rigar Najeriya yana matashi kafin ya tafi, shi ya sa ma sai da hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA ta ba shi izini na musamman ya buga wa Amurka, bayan ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1993. Kuma a Atlanta Angola ce ta wakilci Afirka, 'yan kwandonmu maza ba su taɓa zuwa Olamfik ba sai 2012 a Landan.

Ƙanena ciwon namu ne duka,
Amma a tambayi masu riƙewa.
Yaro ya tsiro a filinmu,
Wa ya yi masa ban ruwa?
Sunan da ke bayan rigarsa,
Na Yarbawa ne, bai canzawa.
Duk wanda ya iya faɗin Olajuwon,
Ya san Najeriya na haifawa.

Ɗan Sahur:
Kafin Baba ya rufe ga lissafin, shekara 17 a Houston ɗaya a Toronto ta Kanada, ya ajiye a 2002 da maki 26,946, ya tare ƙwallo sau 3,830 kuma har yau babu wanda ya kamo shi a wannan. A 2008 aka sa shi a zauren gwarazan ƙwallon kwando rana ɗaya da Ewing, a 2022 kuma NBA ta sa wa kofin gwarzon tsaro sunansa.

Da za a karrama shi a ƙofar fili,
Ba a sassaƙa fuska ko jiki ba a fili,
Riga mai 34 ce kawai a wurin asali,
Don addininsa, aka bi shi da hankali.

Kobe ya zo, LeBron ya biyo,
Manya da kofuna suka sunkuyo,
Sirrin ƙafa suka zo koyo,
Gun wanda raga ta fara reno, ta goyo.

Tsohon Gola:
Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa kowa. Anti na karɓi gyaran maƙero, ƙudan zuma ne. Na karanta wa yaron baitocinku duka bayan la'asar, ga abin da ya biyo baya.

Ya ɗau ƙwallo ya fita tsakar gida,
Bokiti ya rataya a jikin bishiya.
Ya ce Baba tsaya a bayana,
In gwada abin nan na juyawa ɗaya.
Ya karkata dama, ƙafa biyu suka tashi,
Na ce a'a ɗana, kafe guda ɗaya.
Na durƙusa na riƙe masa ta hagu,
Na ce wannan turke ce, ba ta tafiya.
Sau bakwai yana yi yana kuskurewa,
Na takwas na bi dama, ya bi ta baya.
Aka kira magariba muka ajiye,
Ya ce gobe da safe za mu ƙara ɗaya.