Don Allah a taimaka: VM ɗina a Jamus, allo na tafiyar hawainiya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina riƙe wa yayana lissafin shagonsa na kayan gini a Gusau. Shekara uku ke nan da ya tafi Jamus karatu ya bar mini komai, kuma akwai 'yan uwa da ke jira in yi kuskure su ce na ci amana. Shi ya kama haya ta saba (babbar kwamfutar da ake shiga ta intanet) a can, ya sa manhajar Proxmox, ya buɗe VM (kwamfuta ta manhaja a cikin sabar) mai Windows don mu riƙa ganin lissafi ɗaya. Ta burauza nake shiga, ta noVNC, manhajar da ke nuna mini allon VM ɗin. In na danna harafi sai na jira kafin ya fito, in na ja shafi ƙasa allon ya riƙa zuwa gunduwa-gunduwa. Jiya na shigar da kuɗin siminti sau biyu. Ƙarshen wata ya zo, hankalina a tashe yake.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar noVNC yau ɗin nan. An yi shi ne don girka Windows da gyara in ta lalace. Hoton duk wurin da ya canja a allo yake turo maka. Kunna RDP, hanyar Windows ta shiga kwamfuta daga nesa, a cikin Windows ɗin, rage launi zuwa 16-bit, kashe hoton bango da kwalliyar rubutu. Magana ta ƙare.

Ɗan Maraɗi: Ni SPICE na sa, wata hanyar ganin allo daga nesa, da direban allo na QXL, ya fi mini. Amma sai ka girka manhajar virt-viewer a kwamfutarka.

Injiniya: SPICE a cikin ofis ɗaya yake da daɗi. A nesa ba ya kamo ƙafar RDP.

Mai kafe: Ku bar batun manhaja. Mu nan da magariba ta yi sabis ya mutu ke nan, data kuwa na sayi ta wata, kwana tara ta ƙare. Wa za ka kai wa ƙara?

Mai tambaya: Na gode, amma Yaya ya hana a buɗe ƙofar 3389 da RDP ke bi, ya ce ɓarayin intanet ita suke fara ƙwanƙwasawa. Kuma ya san aikinsa, ba haka kawai ya zaɓi wannan tsarin ba.

Injiniya: Gaskiyarsa, shi ya sa ake bi ta cikin WireGuard, rufaffiyar hanya tsakanin kwamfutarka da sabar. Wace Windows ce ma? In Home ce ba ta karɓar RDP, sai Pro.

Malama: Ba wanda ya tambaye shi ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Kowane harafi sai ya je Jamus ya dawo, rage launi ba ya rage nisan nan. Me zai hana lissafin ya zauna a kwamfutar shago, Yayan ne ya riƙa leƙowa daga can?

Mai tambaya: Malama, wuta fa? Ranar da kwamfutar ta ƙone ni za a tuhuma. Zan duba ko Home ce in Yaya ya tashi daga aiki. Ba wata dabara a cikin noVNC ɗin kansa?