Ta yaya zan gane mai gyaran famfo da ya san ɗumama gida da tururi da gaske?

Maman Hafsat:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don abin ya fara hana ni barci.

Gidan da muke ciki tsoho ne, an gina shi a 1926, kuma da tururi ake ɗumama shi. Boila, wato tukunyar da ke tafasa ruwa ya zama tururi, tana ɗakin ƙasa. Radiyeta, ƙarfen da tururin ke shiga ya ɗumama ɗaki, tara ne a gidan, kowace da bututu ɗaya tal da ke shigarta. Tun shigowar hunturu, da asuba idan boilar ta tashi sai ka ji ƙara cikin bango kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Ɗakin yara na sama ba ya ɗumi sam, Hafsat da rigar sanyi biyu take kwana, alhali falo har sai mun buɗe taga. Ɗan ƙarfen da ke gefen radiyetar falon kuma yana tofar da ruwa, har fentin bangon ya kumbura.

Mun kira mutum biyu. Na farko ya iya aikin famfo, shi ya gyara mana bututun banɗaki bara. Ya sauka ƙasa, ya murɗa wani abu, ya ce ya ƙara matsi don tururin ya kai sama. Yanzu allurar gejin matsi tana kaiwa 7, ƙarar kuma ta ninka. Na biyun ko minti goma bai yi ba. Ya ɗauki hoton lambar da ke jikin boilar, da yamma ya bugo waya ya ce a canza ta da wadda ta ɗan fi ta girma, a ba shi rabin kuɗi kafin alƙalami. Ko saman bene bai hau ba.

Maigidana ya ce mu ba shi kawai mu huta. Ni hankalina bai kwanta ba. Me zan tambayi mutum in gane ya san aikin? Me zan lura da shi idan ya shigo?

Baba Injiniya:

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ba na biyun ko sisi tukuna.

Aikin famfo daban, aikin tururi daban. Mutum zai iya ƙwarewa a bututun ruwa da magudana amma bai taɓa zama ya fahimci tururi ba, don yawancin gidajen da ake ginawa yanzu ba sa amfani da shi. Na farkon bai yi niyyar cutarki ba, tunanin ruwa ya kawo wurin tururi.

Fara da matsi. Tambayi duk wanda ya zo a kan psi nawa, wato ma'aunin matsi, ya kamata gidan ya yi aiki. Amsar ita ce ƙasa da 2, sau da yawa ma ƙasa da 1 ya isa. Bawul ɗin kariya, mai sakin tururi idan matsi ya yi yawa, a 15 yake buɗewa, shi ya sa wasu ke ganin 7 ba komai ba ne, amma yana lalata mafitar iska, yana ƙone mai a banza. Abin da ya hana tururi kai wa ɗakin yara iska ce da ta cika bututun. Sai ta fita tururi zai shiga. Wannan ɗan ƙarfen da kika ce yana tofar da ruwa shi ne mafitar iskar radiyeta, akwai kuma manyansu a ƙarshen babban bututu a ɗakin ƙasa. Idan sun toshe da tsatsa ko fenti, ɗakin da ya fi nisa shi ke kwana da sanyi.

Ƙarar gudumar kuwa ruwa ne ya kwanta inda bai kamata ba. Tururi ya zo da gudu ya kwashe shi ya maka a gwiwar bututu. Gida idan ya tsufa yakan ɗan zauna, bututun da aka ɗora da gangare ya lotsa a tsakiya. A tsarin bututu ɗaya irin naku, dole kowace radiyeta ta ɗan karkata zuwa wajen bawul ɗinta don ruwan ya koma, kuma bawul ɗin ko a buɗe gaba ɗaya ko a rufe gaba ɗaya. Rabi da rabi shi ma yana kawo wannan ƙara. Ki duba naki yau ɗin nan.

Sai girman boila, inda aka fi cutar mutane. Ba a auna boilar tururi da lambar tsohuwar, ba a kuma auna ta da faɗin gida. Radiyetocin ake bi ɗaya bayan ɗaya da tef, a auna tsayi, a ƙirga sassa da ginshiƙai, a fitar da abin da suke kira EDR, wato ma'aunin zafin da radiyeta ke bayarwa, a murabba'in ƙafa. Kowace murabba'in ƙafa ɗaya tana ba da BTU 240 a awa (BTU ma'aunin zafi ne). Jimillar ita za ta nuna boilar da ta dace. Wadda ta yi girma kunnawa da mutuwa za ta riƙa yi kowane 'yan mintoci. Wanda bai hau bene da tef ba, da me ya san girman da zai sayar miki?

Duk wanda ya zo kuma, ki ce ya nuna miki madaukin Hartford a jikin boilarki. Wani haɗin bututu ne da kamfanin inshorar boila na Hartford a Amurka ya kawo a 1919, don kada ruwa ya tsiyaye daga boila idan bututun dawowa ya fashe. Mai aikin tururi zai ɗora hannu a kai nan take.

Ummu Khalil:

Yaya, ni na riga ki shiga wannan ramin, shekara huɗu ke nan. Wanda ya sa mana sabuwar boila da jan ƙarfe ya haɗa bututan da ke samanta, don ya fi saurin aiki. Suna sheƙi, har na yaba. Hunturu na biyu mahaɗan suka fara zuba, saboda jan ƙarfe yana miƙewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe, yana murɗa wurin da aka liƙe da dalma. Bai kuma dawo ya yaye man da ke saman ruwan sabuwar boilar ba. Ruwan cikin gilashin da ke nuna tsayin ruwan boilar ya yi ta tsalle sama da ƙasa, gidan na ta bugu. Sai da muka biya wani ya warware komai.

Don haka duk wanda za ki ba aikin, ki ce ya nuna miki hoton aikinsa na baya, ki kalli bututan saman boilar da kyau: baƙin ƙarfe mai zare kike son gani. Littafin da ke zuwa da kowace boila yana da zanen yadda za a haɗa ta, da kaurin bututu, da tsayinsa daga saman ruwa, yawanci inci 24 ko fiye. A rubuta a takardar yarjejeniya cewa zanen nan za a bi, kuma zai dawo ya yaye mai. Ki ga lasisinsa da takardar inshora da idonki, shi zai nemo izinin hukuma da sunansa, kuma kada ki biya cikon kuɗi sai gidan ya yi ɗumi shiru. Lambar mutum biyu da ya yi wa aikin tururi ma ki karɓa, ki kira su da kanki.

Abu Sumayya:

Hajiya, wa ma ya ce boilar ta mutu? Duk abin da kika lissafa a bututu da mafitar iska yake. Sau nawa kuke ƙara mata ruwa? Idan kullum ne, ko kina ganin farin hayaƙi mai yawa daga bututun hayaƙi, to wataƙila ta huje. In ba haka ba gyara ne kawai.

Abu biyu don lafiyarku. Idan akwai wani farin abu kamar filasta naɗe a tsofaffin bututun ƙasa, kada kowa ya kankare shi, zai iya zama asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu. Sannan duk wanda ya taɓa wutar boilar ya gwada hayaƙinta da na'ura, ya gwada abin da ke kashe ta idan ruwa ya yi ƙasa. Ku sa ƙararrawar iskar kabon monoksaid kusa da ɗakin kwana.

Maman Hafsat:

Allah ya saka muku da alheri. Baba, na bi bawul ɗin ɗaya ɗaya, uku a rabi suke, ni da kaina na rage su saboda zafin falo ya yi yawa. Na buɗe su, ƙarar ta ragu a daren.

Na je shagon da masu aikin ke sayen kayan boila na tambayi wa ke yawan sayen mafitar iska, suka ba ni suna biyu. Ɗaya ya zo jiya. Awa ɗaya da rabi ya yi. Ya shiga kowane ɗaki da tef da ɗan littafi, ya durƙusa ya ɗora abin awon magina a kan radiyetar yara, ya nuna min ta karkata ta baya. A ƙasa ya haska tocila a ƙarshen babban bututun, mafitar iskar ta sha fenti har ba a gane ta. Na ce ina madaukin Hartford, ya yi murmushi ya dafa shi. Ya mayar da matsin ƙasa da 2 kafin ya tafi.

Malam Abu Sumayya, ruwa sau ɗaya a wata muke ƙarawa, shi ma ya ce boilar da sauranta. Ran Litinin zai turo lissafinsa a rubuce. Ummu Khalil, idan ya zo zan sa hoton takardar a nan ki duba min ko akwai abin da ya bari.