Tsohuwar mashayar Fraunces a Niyok: me ya rage na asali, kuma yaya ake adana irinta?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum. Ana cewa ginin Fraunces Tavern da ke lamba 54 a titin Pearl yana nan tun zamanin mulkin Ingila. Shin bangon da ake gani yau shi ne na da? Idan kuma ba shi ba ne, ta yaya masana ke gane tsohon aiki daga sabo?

Malam Mai Kundi:
Wa alaikumus salam. Kalmar mashaya ta yi wa irin wannan wuri kaɗan. A wancan zamani masauki ne, gidan abinci ne, wurin karɓar wasiƙu da taron 'yan siyasa, giya kuma tana ciki.

Stephen DeLancey ya gina shi a 1719 don zama. Samuel Fraunces ya saye shi a 1762 ya buɗe da sunan Queen's Head. Ranar 4 ga Disamba 1783 Joj Washinton, jagoran sojojin Amurka a yaƙin neman 'yanci, ya yi bankwana da hafsoshinsa a dogon ɗakin bene. Amma gobara ta sha cin ginin a ƙarni na 19, aka sauya rufi, aka ƙara hawa. Ƙungiyar Sons of the Revolution, ta zuriyar mayaƙan 'yancin Amurka, ta saye shi a 1904, mai zanen gine-gine William Mersereau ya sake fasalinsa, aka kammala a 1907. Saboda haka yawancin abin da ido ke gani kintace ne na 1907. Duk da haka, wajen ragowar asali, ya fi mashayar Raleigh Tavern ta garin Williamsburg a jihar Virginia, wadda ta ƙone a 1859 aka sake gina ta daga tushe wajen 1930.

Injiniya Hajara:
Malam ya gama da tarihi, bari in taɓa gane shekaru. A fara da ƙusa. Wadda maƙeri ya buga da hannu, mai kai kamar fure, ita aka fi amfani da ita har wajen 1800. Daga nan sai yankakkiyar ƙusa ta inji mai kusurwa huɗu, ƙusar waya zagayayyiya kuwa sai ƙarshen ƙarni na 19. Sai dai a kula, kafintoci kan cire tsohuwar ƙusa su sake bugawa, don haka ƙusa ɗaya ba hujja ba ce. Sawun gatari a jikin katako ya bambanta da sawun zarto mai juyawa, wanda ke barin layuka masu lanƙwasa. Mafi inganci shi ne a huda ginshiƙi a ciro siririn sanda, a gwada zoben shekarun itacen, wato layukan da bishiya ke ƙarawa kowace shekara, da na itatuwan yankin. Idan ɓangaren ɓawo yana nan, ana iya sanin shekarar da aka sare bishiyar.

Baba Magini:
Hajiya, abin da ya fi kashe waɗannan gine-gine ba tsufa ba ne, gyaran ganganci ne, kuma siminti ne kan gaba. Jan bulon wancan lokaci laushi gare shi, da kwaɓin ƙonanniyar farar ƙasa da yashi aka ɗora shi. Wannan kwaɓi yana barin danshi ya fita ta tsakanin bulo. Idan aka cika tsagin da siminti, ruwa ya rasa hanya sai ta jikin bulon, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar bulon ta ɓare.

Yadda ake yi: a kankare tsohon kwaɓi da cizal da hannu, zurfin ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗin tsagin. Injin yanka yana cin gefen bulo, a guje shi. A share ƙura, a jiƙa bangon ba tare da ruwa ya kwanta ba. Kwaɓin yawanci mudu ɗaya na farar ƙasa ne ga mudu uku na yashi, amma a kai ɓallin tsohon kwaɓi ɗakin gwaji tukuna don launi da girman yashi su dace. A cusa shi kashi-kashi, kimanin milimita 6 kowane zubi, kowanne ya ɗan kama kafin na gaba. A rufe da jiƙaƙƙen buhu na 'yan kwanaki. Kada a yi aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Salsiyas.

Kuma kada wanda ya wanke bango da feshin yashi. Yana cire ƙonanniyar fatar bulo, ba ta dawowa.

Injiniya Hajara:
Gaskiya ne Baba. Gine-ginen katako kuma, irin su mashayar Buckman Tavern ta garin Lexington a jihar Massachusetts, ciwonsu yana ƙasa, a katakon da ke kwance kan tushe. Danshin itace ya haura kashi 20 cikin ɗari, ruɓa ta samu wuri. A gyara indararo da gangaren ƙasa kafin a taɓa katako, in ba haka ba sabon ma zai ruɓe. Sai a tokare ginin, a yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗai, a dasa itace iri ɗaya, a rubuta shekarar gyara a ɓoyayyen gefensa. Tsohon fenti kuwa akwai dalma a ciki, ba a goge shi a bushe.