Na'urar gem ɗin da aka yi wa riƙon sakainar kashi: wacce zan nema?

Abban Sadik: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na taso a gidan gem kamar yawancinmu, daga mai kaset rawaya ɗin nan da ake cewa akwai wasa dubu a ciki, zuwa PS1, zuwa PS2, kuma kusan duk a kan ƙwallo muka ƙare. Sai yanzu nake gane cewa a wancan lokacin akwai na'urori da yawa da ko labarinsu bai iso unguwarmu ba. Na ware ɗan kuɗi ina so in sayi guda ɗaya ta gwanjo, mu riƙa bugawa da yarana ranar Asabar. Ban da PlayStation, wannan na san ta. Wacce kuka san tana da kyau amma ba a ba ta haƙƙinta ba?

Baffa Fagge: Wa alaikumus salam. Abban Sadik kada ka yi nisa, Dreamcast ka nema. Na fara ganinta a 2002 a ɗakin yayan wani abokina da ya zo da ita daga Ingila, lokacin ma Sega ta riga ta daina ƙera ta. Ya sa mana Soulcalibur. Mu da idonmu ya saba da Tekken 3 a PS1, inda hannun mutum yake kamar an sassaƙa shi da gizago, sai ga mutane sumul, riga tana kaɗawa, takobi yana barin zanen haske a iska. Mu shida ne a ɗakin, wallahi babu wanda ya yi magana har aka gama zagayen farko.

Ta fito a Japan a Nuwamba 1998, a Amurka ranar 9 ga Satumba 1999, amma zuwa Maris 2001 an rufe babinta. Guda miliyan 9 da 'yan kai aka sayar. Ka duba abin da ta zo da shi: ramin fad huɗu a gaba, ba sai ka sayi wani abin haɗi ba. Tana da kafar shiga intanet ta layin tarho a jikinta, har mutane suna buga Phantasy Star Online da waɗanda ke wata ƙasa tun a farkon shekarar 2001. Memorinta ma da ɗan allo a jiki, ka soka shi a cikin fad yana nuna maka abubuwa, ka zare ka sa a aljihu ka buga ƙananan wasanni a kansa. Ga Crazy Taxi, ga Jet Set Radio, ga Shenmue inda za ka yi yawo a wani gari na Japan ana buɗe shaguna da safe ana rufewa da dare.

Abban Sadik: To Baffa, abu mai kyau haka me ya kashe shi cikin shekara biyu da 'yan watanni?

Baffa Fagge: Abubuwa ne suka haɗu mata. Sega ta riga ta ɓata rawarta da tsalle tun kafin nan, ta sayar wa mutane Sega CD da 32X da Saturn a jere tana watsar da su, sai 'yan kasuwa da masu saye suka daina yarda da ita. Sannan PS2 ta fito a Maris 2000 tana kunna faifan DVD, a lokacin da na'urar DVD kaɗai tsada gare ta, mutum ya sayi abu ɗaya ya jefi tsuntsu biyu. Kamfanin EA ya ƙi yi mata wasa ko ɗaya, ke nan babu FIFA. Konami ma bai kai mata Winning Eleven ba. Wannan na ƙarshen shi ne dalilin da ba mu gan ta a gidajen gem ɗinmu ba. Mai gidan gem ba zai zuba jarinsa a kan abin da babu ƙwallon da yara suka sani a ciki ba. Akwai Virtua Striker 2, yana da daɗi, amma ba shi ake layi a kansa ba.

Auwalu Ƙarami: Baffa ina girmama ka, amma Dreamcast yanzu kowa yabonta yake, an riga an biya ta bashinta. Wadda har yau ake zalunta ita ce yayarta, Saturn. Mutane sun haddace cewa ta faɗi, shi ke nan. Ta faɗi ne a Amurka saboda garaje. A watan Mayu 1995, a taron baje kolin wasannin gem na E3 a Los Angeles, Sega ta tashi ta ce na'urar tana shaguna yau ɗin nan a kan dala 399, alhali an shirya sai Satumba. Shagunan da ba a ba su kaya ba suka yi fushi, masu ƙera wasanni ba su gama ba. A wannan taron Sony ta ce tata dala 299 ce. Daga nan aka gama.

Amma a Japan ta yi kasuwa sosai, kuma a wasannin zane na gefe-da-gefe PS1 ba ta kama ƙafarta. X-Men vs. Street Fighter a Saturn, in ka soka kaset ɗin ƙarin ƙwaƙwalwa mai mega 4 a bayanta, kana sauya ɗan wasa ana tsakiyar faɗa kamar a babban injin gidan wasa da aka fara yin wasan a kansa. Na PS1 da muka sani an cire wannan gaba ɗaya don ba za ta iya ɗauka ba. Ga Sega Rally, ga Virtua Fighter 2, ga Guardian Heroes. Fad ɗinta mai maɓalli shida a fuska, ni dai ban riƙe wanda ya fi shi daɗin wasan faɗa ba.

Baffa Fagge: Ban musa maka ba Auwalu. Sai dai ka faɗa masa gaskiya, mafi yawan masu kyan nata da Japananci suke, kuma faifanta na asali ya yi tsada.

Auwalu Ƙarami: Haka ne. Wasan faɗa da na tsere ba sa buƙatar karatu, amma tsadar gaskiya ce.

Injiniya Mai Gyara: Salamu alaikum. Kafin ku sa shi ya sayi ta Japan, bari in sa baki, don wannan sana'ata ce. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu 230. Saturn da Dreamcast duka tiransifomarsu a ciki take, wayar wuta kawai ake sokawa, kuma wayar tana shiga soket ɗinmu lafiya lau ko da ɗan abin haɗi. Nan ne haɗarin. Ni da kaina na ƙona Saturn fara, ta Japan, shekarun baya. Na karɓo ta da yamma, zumuɗi ya hana ni duba takardar da ke ƙasanta. Ina sokawa na ji ɗas, sai wari, sai ɗan hayaƙi ta ramukan gefe. Na yi wata uku kafin in samu wata matacciya in cire allon wutarta in musanya. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don na'urar tsaf take, ko ƙwarzane babu. Duk wanda zai sayi ta Japan ko Amurka, ya fara sayen na'urar rage ƙarfin wuta, ya ɗaure wayar a jikinta da salatif don kada yaro ya zare ya soka a bango.

Abu na biyu, tsarin hoto. Tasu NTSC ce, tsofaffin talabijin ɗinmu PAL. In talabijin ɗin ba ta karɓar duka biyun, hoton zai fito fari da baƙi ko ya riƙa birgima.

Maman Hanifa: Ku yi haƙuri yayyena, duk kuna ba shi shawarar abin da ku kuke marmari ne. Ya ce da yara zai buga. Abban Sadik, Wii U ka duba. Ita ce a gidanmu shekara biyar ke nan. Ta fito a Nuwamba 2012, miliyan 13 da rabi kawai aka sayar, alhali Wii da ta gabace ta ta haura miliyan 100. Sunan ne ya cuce ta, iyaye da yawa sun ɗauka wani sabon fad ne na Wii, ba sabuwar na'ura ba. Amma wasanninta su ne Nintendo ta kwashe ta mayar kan na'urarta ta gaba, Switch, suka yi ta kasuwa: Mario Kart 8, Super Mario 3D World, Donkey Kong Country: Tropical Freeze. Breath of the Wild ma ya fito a kanta a 2017.

Abin da ya fi burge ni, babban fad ɗinta mai allo. In babansu yana kallon labarai, Hanifa sai ta mayar da wasan kan fad ɗin ta zauna a gefe, babu rigimar talabijin. Na'urar tana karanta faifan Wii, tana shiga talabijin ta zamani da wayar HDMI. Ka dai tabbata an haɗa maka da fad ɗin mai allo kuma yana caji, don ba shi da sauƙin samu shi kaɗai, kuma na wata nahiya ba ya aiki da na'urar wata. Shagonta na intanet an rufe shi tun Maris 2023, saboda haka faifai za ka nema.

Abban Sadik: Maman Hanifa kin kawo magana mai ƙarfi. Babban shekararsa 11, ƙaramar 7.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da hira. Mu nan abin da ya iso mana ta hannun 'yan'uwa da ke Faransa daban ne da naku. Kawuna ya kawo mana Master System II ta Sega ina aji uku a firamare. Ba sai ka sa kaset ba, kana kunnawa Alex Kidd in Miracle World ya taso, a ciki yake. A Amurka Nintendo ta danne ta don ta ɗaure kamfanonin wasanni da yarjejeniya kada su yi wa wani, amma a Turai ta yi suna, a Brazil kuwa kamfanin Tectoy ya fara ƙera ta tun 1989, ya ci gaba shekaru da dama bayan an manta da ita a ko'ina. Launinta ya fi na Nintendo ta lokacin haske. Wanda ya samu Wonder Boy III: The Dragon's Trap ya gwada. Kuma kaset ba ya ƙwarzanewa, babu idon karanta faifai da zai mutu. Tamu tana nan tana aiki, wayar eriya kawai muka sauya.

Yaya Nura: Babu wanda ya ambaci PC Engine, to bari in ambata ko da ba ita zai saya ba. NEC da Hudson Soft suka yi ta a 1987. 'Yar ƙarama ce, faɗinta santimita 14, wasanninta a kan kati suke mai girman katin banki. A ƙarshen 1988 aka yi mata abin karanta faifan CD, ita ce ta fara a cikin na'urorin gem na gida. A Japan ta yi gogayya da Nintendo da gaske, amma da aka kai ta Amurka a 1989 da sunan TurboGrafx-16 sai ta ci karo da Genesis ta Sega, ba ta tashi ba. Bomberman da mutum biyar a kanta, ba a magana. Samunta a nan ne aiki.

Auwalu Ƙarami: Ga masu son ta hannu saboda ɗauke wuta, Neo Geo Pocket Color ta SNK, 1999. Batir biyu ƙanana suna kai ta wajen awa 40. Game Gear ta Sega kuwa shida take ci, ba ta wuce awa biyar. Ɗan sandan juyawar Neo Geo ɗin yana ƙas-ƙas a ƙarƙashin babban yatsa, ba ka kuskuren bugu.

Baffa Fagge: PS Vita ma an zalunce ta, allon OLED tun 2011, sandar juyawa biyu. Sony da kanta ta shaƙe ta da katin memori na musamman mai tsada. Amma ya ce ban da PlayStation.

Sani Mai Ƙwallo: Ni in babu ƙwallo ba na ciki, shi ya sa nake cewa GameCube ta Nintendo. Mutane sun raina ta don kamar akwatin wasan yara take, da mariƙi a baya da ƙaramin faifai, ga shi ba ta kunna DVD. Amma ta fi PS2 ƙarfin hoto, Resident Evil 4 a kanta ya fara fitowa a Janairu 2005, kuma ya fi kyau a can. Tana da FIFA, har Winning Eleven 6 Final Evolution an yi mata a Japan. Ramin fad huɗu ita ma.

Abban Sadik: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta duka sau biyu. Maman Hanifa, hujjarki ta fi ta kowa a kan yara, kuma in Allah ya hore ita ce ta biyu. Amma zuciyata ta tafi kan Dreamcast, don ita ce ta zamaninmu da ta wuce mu ba mu sani ba, ina so in gani da idona abin da ya sa su Baffa suka yi shiru a ɗakin nan. Akwai abin da mu uku za mu buga tare a kanta?

Baffa Fagge: Power Stone 2 da Virtua Tennis, duka mutum huɗu suke ɗauka. 'Yar shekara 7 za ta iya Virtua Tennis a rana ɗaya. Ka ƙara da Sonic Adventure don babban.

Maman Hanifa: Allah ya sa albarka. Ka sayi fad uku tun farko, kada a bar ƙaramar tana kallo.

Injiniya Mai Gyara: To ga yadda za ka duba ta. Ka nemi ta Turai, ita ce mai wutarmu da tsarin talabijin ɗinmu. Alamarta zanen dodon-koɗin da ke kan murfi shuɗi ne, na Japan da Amurka ruwan lemo ne zuwa ja. Ka juya ƙasanta, za ka ga HKT-3030 da 220 zuwa 240. Faifan ma na Turai za ka riƙa saye, don tana tantancewa. Kada ka biya sai an kunna a gabanka, ka bar wasa yana tafiya rabin awa. In ta koma farko da kanta, ƙafafun allon wuta ne suka yi datti, gyaran minti goma ne, sai ka nemi ragi. In tana ta ƙugi ba ta karanta faifai, ido ne ya gaji, wannan ka bar musu. Ka soka fad a duka ramuka huɗun ɗaya bayan ɗaya, amma ka kashe ta kafin kowane sauyi, akwai ɗan fis a wurin da ke saurin ƙonewa. In tana tambayarka kwanan wata duk sanda aka kunna, batirin ciki ne ya mutu, ba ya hana wasa. In ka samo, turo hoton takardar ƙasan a nan kafin ka soka ta a wuta.